Sabon jirgi a tsohon rami, yaya ake sanin zai shige?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji wai a Landan an kawo sababbin jiragen ƙarƙashin ƙasa amma sai da aka tsaya ana ta gwada ko za su iya bin tsohon layi. Ni dai abin ya ɗaure min kai, shin ba a auna ramin ba ne tun kafin a ƙera jirgin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An auna mana, amma fa awon takarda ba ya isa. Layin da ake maganar shi ne Piccadilly, ɗaya daga layukan ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda aka ba kamfanin Siemens aikin ƙera wa jirage 94, tun 1906 aka buɗe shi, ramin kuma zagayayye ne, faɗinsa bai kai mita huɗu ba, jirgin kusan cika shi yake yi. Shekara ɗari da ɗoriya ana ta gyare-gyare a ciki, an ja wayoyi a jikin bango, an kafa sigina, an sauya dogo ya ɗan gusa nan da can, to ka ga taswirar da ke ofis ba lallai ta dace da abin da ke ƙasa yau ba.

Kuma jirgi in yana gudu rangaji yake yi, in ya cika maƙil da mutane ya ɗan sauka, ƙafafunsa ma suna cinyewa a hankali. Amma babbar maganar a kwana take, don tarago miƙaƙƙe ne shi kuwa layi ya lanƙwasa, sai ka ga tsakiyar taragon ta karkata ciki, bakinsa na gaba da na baya sun leƙa waje, in tsawon sabon tarago ko inda aka sa masa ƙafafu ya bambanta da na tsohon to lissafin gaba ɗaya ya canza kenan, wajen da tsohon jirgi ya shekara hamsin yana wucewa lafiya lau sabon zai iya gogar bango ko bakin dandamalin da fasinja ke tsayawa.

Shi ya sa ake fara ɗaukar hoton ramin da na'urar leza, mai auna tazara da haske, a zuba a kwamfuta, sannan a shiga da jirgin kansa lokacin da aka rufe layi, yawanci da dare, a tafi sannu sannu injiniyoyi na dubawa. Ana kuma loda masa kaya masu nauyi a madadin fasinjoji.

Ni a ganina wannan jinkirin ya fi alheri nesa ba kusa ba. A 2014 a Faransa, duk da ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne, an gano sababbin jiragen da aka yi oda sun fi ƙarfin tsofaffin tashoshi a faɗi, saboda awon da aka bayar na tashoshin baya-bayan nan ne, dole aka koma sassaƙe bakin dandamali wajen 1,300, aikin da ya ci kusan Yuro miliyan 50.