Shin kuskure ɗaya ne ya ba Gukesh kambun dara na duniya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Gukesh bai fi Ding Liren iya darar ces ba, sa'a kawai ya taka a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2024. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Masu wannan magana wasa ɗaya suka duba cikin 14 da aka buga a Singafo daga 25 ga Nuwamba zuwa 12 ga Disamba. Ding, ɗan ƙasar Sin mai riƙe da kambun tun 2023, shi ya ci wasan farko duk da cewa baƙaƙen 'ya'ya ke hannunsa, alhali mai farare ne ke fara taku. Gukesh na Indiya ya rama a wasa na 3, inda lokaci ya ƙare wa Ding bayan an riga an ritsa masa bishof ɗaya, wato ɗan darar da ke tafiya a karkace. Daga nan aka yi canjaras bakwai a jere, sannan Gukesh ya ci na 11, Ding ya farke a na 12 da wasan da a ganina babu kamarsa a duk gasar.

Bayan canjaras a na 13, an shiga wasa na 14 kowa da maki 6 da rabi, kuma da an tashi canjaras, da washegari an koma wasannin gaggawa, fagen da masana da yawa ke ganin Ding ya fi ƙarfi. Ga alama abin da yake hari ke nan, domin ya yi ta musayar 'ya'ya har ya yarda ya rasa dakare guda (mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan dara), aka bar shi da hasumiya (mai tafiya a miƙe) da bishof da dakare ɗaya, Gukesh kuwa da hasumiya da bishof da dakaru biyu. Irin wannan matsayi canjaras ne idan an kare shi daidai, amma Gukesh ya ƙi sassautawa, ya ci gaba da matsa lamba alhali lokacin Ding yana zurarewa.

A taku na 55 Ding ya kai hasumiyarsa gidan f2 yana neman musaya, ya manta cewa bishof ɗinsa yana maƙale a kusurwar a8, inda hanya ɗaya tak yake da ita. Gukesh ya karɓi musayar, ya dasa nasa bishof a d5 ya toshe hanyar, dole aka yi musayar su ma. Sai ya rage sarki da dakaru biyu gaban sarki da dakare ɗaya, kuma a taku na 58 Ding ya miƙa wuya.

Kuskuren babba ne, babu musu, sai dai ban yarda a kira shi sa'a ba, domin a wasannin tsakiya ma Gukesh ya sha kauce wa canjaras ɗin da ke gabansa don ya tilasta wa abokin karawarsa ci gaba da lissafi. Da maki 7 da rabi ya karɓi kambun yana ɗan shekara 18, ya karya tarihin zama zakaran duniya mafi ƙarancin shekaru da Garry Kasparov ya kafa a 1985 yana da shekara 22.