Ƙarar salansa da warin hayaki a a-kori-kura

Malam, ka ce motarka tana ƙarar tak-tak-tak da safe, in inji ya yi zafi ta yi shiru, kuma kana jin warin hayaki a ciki. Wannan galibi ɓula ce a manifol, inda salansa ke haɗuwa da inji: ko gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da inji) ya ƙone, ko ƙusar da ke ɗaure shi ta karye. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, sai ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar ke ɓacewa.

Kafin ka tada motar, haska wurin da tocila. In ka ga baƙin toka ya kwanta a gefen ƙusa, to nan ne. Ka leƙa ƙasa ma, don bututu yana tsatsa, robobin rataye salansa kuma suna saurin gajiya a motar ɗaukar kaya.

Don Allah kada ka yi wasa da warin nan. Hayakin yana ɗauke da kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ta kashe mutum. Walda a kan ruɓaɓɓen bututu kuwa asarar kuɗi ce. Karyayyiyar ƙusa a kan inji, bar wa ƙwararren bakanike ya ciro ta, kar a lalata zaren ramin da ake ɗaure ta.