Hutu a tsibirin Malta: zomonsu, kifinsu da cukunsu, wanne zan ci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. In Allah ya yarda, a watan Oktoba ni da maiɗakina za mu je hutun kwana goma tsibirin Malta da ke Turai. Wanda zai sauke mu abokin kasuwancina ne, Kirista, mutumin kirki ƙwarai. Tun yanzu ya fara lissafa mini abincin gargajiyarsu da ya ce sai na ɗanɗana: dahuwar zomo, wani kifi da ake kira lampuki, pastizzi, cukun tumaki, dodon koɗi, har da naman doki. Wani abokina ya ce kada in takura wa kaina, abincin Ahlul Kitabi halal ne da nassin Alƙur'ani, in yi bismilla kawai in ci. Da na ce masa na ji suna zuba giya a girki, sai ya ce ai wuta tana ƙone ta. Malam, mene ne gaskiya? Ba na son in ɓata wa mai masaukina rai, ba na kuma son in ci haram.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambaya tun kafin ka ɗaura jaka. Jerin da ka kawo kusan duk sunayen dabbobi ne, amma sunan dabba shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Bayan an san wace dabba ce, saura a san yadda ta mutu, saura kuma a san abin da aka zuba mata a tukunya. A Malta yawancin matsalarka a tukunya take.

Bari in fara da inda Allah ya yalwata maka, wato teku. Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. A hadisin da Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, Annabi (SAW) ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Don haka kifi ba ya bukatar yanka, ba ruwanka da addinin wanda ya kama shi. A wurin Malikiyya wannan ya haɗa da jatan lande da ƙaguwa da halittar nan mai hannuwa takwas da suke kira qarnit. Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kawai. Ka kuma yi dacen lokaci, domin kamun lampuki yana farawa ne tsakiyar Agusta ya kai Disamba. Ka je ƙauyen masunta na Marsaxlokk ranar Lahadi, ranar kasuwar kifinsu, ku ci gasasshe ko soyayye da man zaitun. Sai dai miyar kifinsu mai tafarnuwa da tumatir, aljotta, wasu kukuwa sukan ɗan tsiyaya mata farar giyar inabi, dahuwar qarnit kuwa bisa al'ada da jar giya ake yin ta. Waɗannan biyun sai ka tambaya.

Haka burodinsu da ake shafa wa tumatir da man zaitun a sa kifin gwangwani da 'ya'yan zaitun, da dakakken waken nan bigilla, da alewar riɗi da suke kira ħelwa tat-Tork, babu komai a cikinsu. Lemonsu na kwalba mai ɗan ɗaci, Kinnie, ba giya ba ne. Bajtra kuwa giya ce, kada kyawun kwalbar ya ruɗe ka ka sayo tsaraba.

Yanzu zomo, wanda shi ne abin alfaharinsu, stuffat tal-fenek. Sukan taru dangi da abokai musamman don cin sa, su kira taron fenkata, ƙauyen Mġarr ya yi suna a kan haka. Na tabbata nan mai masaukinka zai fi matsa maka.

Zomo a kan kansa halal ne a mazhabobi huɗu. Anas ɗan Malik ya ba da labarin zomon da suka kora a Marruz Zahran, ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha, ya yanka, ya aika wa Annabi (SAW) da cinyoyinsa, ya karɓa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Lura da kalmar "ya yanka".

Ayar da abokinka ya kafa hujja da ita gaskiya ce, ita ce ta 5 a Suratul Ma'ida, kuma malaman tafsiri tun daga Ibn Abbas sun ce "abinci" a nan yankansu ake nufi. Mutanen Malta galibinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, ayar ta shafe su. Amma abokin naka ya tsallake aya ta 3 a surar dai, wadda ta haramta mushe da jini da naman alade da abin da aka maƙure da abin da aka buge har ya mutu. Musulmi ma in ya doki zomo a ƙeya ya mutu, ba za ka ci ba. To ta yaya abin da ya haramta daga hannun Musulmi zai halatta don ya fito daga hannun Kirista? A Turai kuwa dukan ƙeya ko karya wuya tsohuwar hanya ce ta kashe zomo a gidaje, sannan dokar Tarayyar Turai ta 2009, wadda ta shafi Malta saboda ta shiga tarayyar tun 2004, ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, in ban da yankan addini da aka keɓe. Idan sumarwar ba ta kashe dabbar ba, aka yanke maƙogwaro da jijiyoyi tana da rai, ta halatta. Idan ta mutu kafin wuƙa, mushe ce. Kai da ke zaune a gidan abinci ba ka da hanyar sanin wanne ya faru da zomon da ke gabanka.

Ba zan ɓoye maka ba, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa ko Kirista ya murɗe wuyan kaza, in dai malaman addininsa suna ganin ta abinci ce, ana ci. Wasu malaman wannan zamani sun bi shi. Amma jumhur ba su yarda ba, kuma abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda da shi ake fatawa a ƙasashenmu, shi ne: Ba'ahlil Kitabin da ke cin mushe ana cin yankansa ne da sharaɗin bai faku daga idon Musulmi ba lokacin yankan. Da wannan nake ba ka fatawa.

Shi kuma "yi bismilla ka ci" asalinsa hadisin Nana A'isha ne a Bukhari: wasu suka ce ana kawo musu nama, ba su san an ambaci sunan Allah a kansa ko ba a ambata ba, sai Annabi (SAW) ya ce ku ambata ku ci. Masu kawo naman nan Musulmi ne sababbin shiga, kuma yankawa suke yi, shakkar a kan bismilla kaɗai take. Hadisin bai ce bismilla tana mayar da mushe yankakke ba.

Mu ƙaddara ma an yanka zomon nan yanka na shari'a. Tsugune ba ta ƙare ba, domin girkin gargajiyar shi ne a jiƙa naman cikin jar giyar inabi da tafarnuwa ya kwana, a soya, sannan a dafa shi a cikinta da tumatir. Maganar cewa wuta tana ƙone giya ba ta inganta ba ko a wajen masana abinci. Jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna abincin da aka dafa da giya minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na sinadarin mayenta, ko an kai awa biyu da rabi akwai saura kamar kashi 5. Hukuncin ma ba a kan wannan lissafi ya rataya ba. Giya najasa ce a mazhabobi huɗu, kuma Khalil ya faɗa ƙarara cewa abinci mai ruwa-ruwa yana najastuwa da najasa komai ƙanƙantarta, naman da aka dafa da najasa kuwa ba ya tsarkakuwa. Ko malaman da suke ganin giya ba najasa ba ce a jikinta, irin su Rabi'a malamin Imamu Malik, ba su ce a zuba ta a miya ba, domin umarnin aya ta 90 a Suratul Ma'ida shi ne ku nisance ta. Saboda haka zomon gidan abinci a Malta kada ka ci.

Ruwan khal daban ne, ko da daga inabi aka yi shi. Annabi (SAW) ya ce madalla da khal a matsayin mahaɗi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma giyar da ta rikiɗe ta zama khal ta tsarkaka a mashhurin mazhaba. Wannan shi ne mafitarka da mai masaukinka. Ka sanar da shi tun yanzu, kada ka bari sai an jera kwanuka. Ka ce masa kana son cin zomon nan ƙwarai, amma ka roƙe shi alfarma biyu: ya bar ka ka yanka da hannunka ko a sayo daga mahaucin Musulmi, sannan a dafa da khal da romo maimakon giya. Akwai masallaci a garin Paola, jama'arsa za su nuna maka inda suke sayen nama. Ka kuma roƙa kada a kawo giya teburin da kuke, saboda hadisin Jabir a Tirmizi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Mutumin da ya damu da kai har ya tsara maka abinci tun kafin zuwanka, da wuya wannan ya ɓata masa rai. Tukunyar gidansa kuwa a wanke ta kawai, haka Annabi (SAW) ya umarci Abu Sa'alaba da ya yi tambaya kan ƙoren Ahlul Kitabi, in bai sami wasu ba.

Alade bai bukatar dogon bayani, sai dai yakan ɓuya. Tsiran-aladensu na gargajiya, zalzett, alade ne zalla. Bragioli sunansa naman sa, amma ana naɗe shi da naman alade a ciki. Timpana, taliyar da ake gasawa cikin ɓawon fulawa, yawanci niƙaƙƙen namanta haɗin sa da alade ne. Miyar ganyen da ake kira kawlata ma da alade ake yin ta. Pastizzi, wanda ake cusa wa cuku mai laushi ko koren wake, cikinsa ba shi ne abin dubawa ba, kitsen da aka murza fulawar da shi ne: in man shanu ne ko na tsirrai ka ci, in kitsen alade ne ka bari. Imqaret, soyayyen mai dabino, wasu sukan ɗiga masa giya don ƙamshi.

A nan karatun allo zai yi maka rana. Musulmi sun ci Malta da yaƙi a shekarar 870, kuma duk da an fitar da Musulunci daga tsibirin a ƙarni na 13, harshen ya zauna, har yau tushensa Larabci ne. Nama laħam, kifi ħut, burodi ħobż, mai żejt, kitse xaħam. Giyar inabi inbid suke ce mata, wato nabiz ɗin da ka sani a littattafan fiƙihu. Alade ħanżir, amma namansa a takardar abinci majjal za ka gani, ka riƙe wannan. "Bla inbid" na nufin ban da giya. Suna kuma jin Turanci sosai. Idan ka tambayi kuku ya ce babu, kuma ba ka ga alamar ƙarya ba, ka karɓi maganarsa, ba a ɗora maka shiga kicin bincike ba.

Cukunsu ƙanana na nonon tumaki, ġbejna, akwai magana a kansa. Warar Fulani da tumfafiya ake daskarar da ita, amma irin wannan cuku asalinsa da infaha ake yi, wato abin da ake cirowa daga tumbin ɗan rago mai shan nono. Malik da Shafi'i suna ganin infahar mushe najasa ce, Abu Hanifa da Ibn Taimiyya suna ganin tana da tsarki, suna kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa bayan buɗe Iraƙi. Abu Dawud ya ruwaito an kawo wa Annabi (SAW) cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya yi bismilla ya yanka. A yau kuma cuku da yawa ba da infahar dabba ake yin sa ba. Ina ganin ka ci, sai in an tabbatar maka infahar alade aka sa.

Dodon koɗi, bebbux, an tambayi Imamu Malik a kansa ya ce kamar fara yake: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi, wanda aka tsinta matacce ba a ci. Mu da muke cin fara ba za mu yi mamakin ƙiyasin ba. Wasu malamai, irin su Ibn Hazm, sun hana. Sai dai a can sau da yawa da giya ake tafasa shi, kai kuma da alama ba marmarinsa kake ba, to ka huta.

Doki kuwa mashhurin mazhabarmu haramci ne, Malik ya kafa hujja da aya ta 8 a Suratun Nahli, inda aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ado, ba a ambaci ci ba. Shafi'i da Ahmad sun halatta saboda hadisin Asma'u 'yar Abubakar cewa sun soke doki a zamanin Annabi (SAW) suka ci. Saɓani ne mai ƙarfi, ba na zargin wanda ya bi su. Amma dokin Malta ba ka san yadda aka kashe shi ba, kuma shi ma cikin jar giya ake dafa shi, don haka ko a wurin masu halattawa bai tsira ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Wallahu a'alam.