Kwantenar tsofaffin kayan lantarki da aka tsare a Legas: amsa ga wani ɗan kasuwar Sakkwato

Alhaji, na karanta wasiƙarka. Ka ce kun haɗa jari da abokinka, aka yi muku lodin tsofaffin firji da talabijin daga Turai, jirgin ya iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, jami'ai suka buɗe kwantenar suka tarar fiye da rabin kayan matattu ne. Ejan da ke fitar maka da kaya a tashar kuma yana ta buga maka waya ka turo "na sasantawa". Don Allah kada ka tura ko sisi. Cin hanci laifi ne na biyu da za ka ɗora a kan na farko.

Abin da ya fi damuna shi ne sunanka ne a takardar lodi a matsayin mai karɓar kaya. Zamanka a Sakkwato, nesa da teku, ba zai kare ka ba, domin hukuma takarda take bi.

Tun 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, Najeriya ta kafa dokar shara mai cutarwa. Ta haramta shigo da ita, ko ratsawa da ita ta ruwan ƙasar, ko ajiye ta ba da izini ba. Hukuncin ɗaurin rai da rai ne, kuma ana iya ƙwace jirgin da ya ɗauko ta. Ba kowace kwantenar gwanjo ke kai mutum nan ba, amma na'urar da ba ta aiki shara ce a idon NESREA, hukumar da ke sa ido kan bin dokokin muhalli a Najeriya, kuma mai shigo da tsofaffin kayan lantarki dole ya yi rajista da ita kafin a yi lodi. Ka yi? Amsarka ce za ta nuna inda muka dosa.

Ka tattaro rasit, da saƙonnin WhatsApp tsakaninka da mai sayarwa, musamman inda ya ce komai na aiki. Su ne shaidar cewa kaya ka saya, aka cuce ka. Sai lauya ya rubuta wa NESREA da Kwastan ya nemi rahoton binciken, ya kuma nemi a mayar da kwantenar inda ta fito, kamar yadda yarjejeniyar Basel ta 1989, kan safarar shara mai cutarwa tsakanin ƙasashe, ta tanada. Za ka yi asara, ba zan ɓoye maka ba, ga kuɗin jinkiri da kamfanin jirgi ke ƙirgawa kullum.

Idan aka kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce za ta saurara, galibi a Legas. Kada ka sa hannu a kan wani bayani sai lauyanka yana zaune kusa da kai.