Ba C, ba D: wane layi zan taɓa wajen girka Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Tawa. Na sayi kwamfuta ta hannu, ina so in sake mata Windows 10 da kile USB. Da na kai shafin "Où souhaitez-vous installer Windows ?" sai ga layi biyar, duk da hoton faifai iri ɗaya: Lecteur 0 Partition 1, 2, har 5. Ba C, ba D. Darussana da hotunan bikin yayata suna cikin D. Wanne zan taɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin kyauta da kika dakata. A wannan shafin mutane da yawa suka yi asarar aikin shekaru, kuma ban ga laifinsu ba. Haruffan C da D, Windows ce ke raba su bayan ta tashi. Manhajar girkawa lamba take nunawa, kuma daga sifiri take fara ƙidayar faifai. Lecteur 0 shi ne faifai na farko, Partition kuwa ɗakunan da aka yanka a cikinsa.

Kada ki bi hoton, ki bi girma. Ƙananan nan, Système mai kusan 100 Mo, MSR mai 16 Mo, da Récupération, na injin ne, ki ƙyale su. Manya biyun da aka rubuta wa Principal su ne C da D ɗinki, kuma a nan ake ruɗewa.

Ga dabarar da nake yi wa kowa. Ki zare kile, ki koma tsohuwar Windows, ki danna D da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Renommer, ki sa masa suna HOTUNA. Ki rubuta girman C da na D a takarda. Idan kin dawo za ki ga sunan a gefen lambar, sai ki kauce masa. Kafin haka ma ki kwafe darussan da hotunan a wani faifai na waje. Na fi son ki ɓata awa ɗaya a kan wannan da ki zo kina kuka.

Maɓallan ƙasa: Supprimer mai jan kuros yana rushe ɗakin dungurungum, ya mayar da shi "Espace non alloué", wato fili. Formater yana share kayan ciki ya bar ɗakin. Ke Formater kike buƙata, a kan C kaɗai, sannan Suivant. Ki tabbata batir ya cika tukuna, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan sa a faro daga farko.

Abu ɗaya kuma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. In injinki yana da TPM 2.0 (wani sashen tsaro da ke cikin injin), RAM 4 Go da faifai 64 Go ko fiye, ki duba ko zai karɓi Windows 11 kafin ki fara.