Tambaya da Amsa a Kan Lambu: Bishiyar Lagastromiya a Ƙasarmu Mai Rairayi

Tambaya daga wata mai karatu a Ringim: Assalamu alaikum. An kawo mini dashen wata bishiyar fure daga Kano, aka ce sunanta lagastromiya. Ta yi kyau da damina, amma hunturu na shigowa ganyenta ya zube kaf, ɓawon jikinta kuma yana saɓulewa. Ta mutu ne?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki tuge ta. Ɗabi'arta ce zubar da ganye idan sanyi da bushewar iska suka zo, saɓar ɓawon ma lafiya ce, don daga ƙarƙashi za ki ga jiki sumul mai launi biyu ko uku, wanda yana cikin abin da ake sonta dominsa. Ki kankare reshe ɗaya da farce. In kin ga kore mai danshi, tana raye.

Asalin bishiyar daga Sin da maƙwabtanta ne, kuma masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa mata suna a 1759 don girmama wani ɗan kasuwar Suwidin, Magnus von Lagerström. Amma ba baƙuwa ce sosai a wajenmu ba: danginsu ɗaya da lalle da rumman, kuma kamar su tana son rana tsagwaronta. Furenta a yamutse yake kamar takardar ado, akwai fari, ja, ruwan hoda da shunayya.

Inda ake asararta a wajenmu shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ke ƙuna. A shekara biyun farko ki ba ta jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu ko uku a mako, a zuba a hankali da yamma. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ta gasa ta. Ki yi mata ƙaramin gurbi, ki shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko yankakken kara, amma ki bar tazarar yatsu huɗu daga gindi saboda gara. Ki kuma kewaye ta da ƙaya ko waya, don akuya ba ta barin sabon toho.

Tambaya daga wani mai lambu a Ɗambatta: Tawa ta shekara uku, ganye shar, amma fure sai ɗaiɗai. Ina ba ta taki sosai, ina kuma sare kanta duk shekara don ta yi cika.

Malam, abin da kake yi mata don alheri shi yake hana ta. Da farko dubi wurin da take. Tana buƙatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6, don haka in darbejiya ko katanga ta rufe ta, fure zai yi ƙaranci komai taki. Taki mai yawa kuwa, musamman yuriya, ganye yake haifarwa. Hannu ɗaya na NPK 15-15-15 a farkon damina, a barbaɗa nesa da gindi a rufe da ƙasa, ya wadatar, ko kwano biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi.

Sai batun sara, kuma a nan muke so ka dakata. Gaskiya ne furen a kan sabon reshen bana yake fitowa, shi ya sa wasu ke guntule kan bishiyar. Amma wurin saran yana kumbura ya zama ƙulli, ya fitar da tsirarun tsumagu masu yawa waɗanda ba sa iya ɗaukar nauyin fure, sai iskar farkon damina ta lanƙwasa su ko ta karya. Abin yi shi ne ka zaɓi ƙafafu, wato manyan rassan da suka taso daga gindi, uku zuwa biyar masu ƙarfi ka bar su. Ka cire 'ya'yan da ke tsirowa daga gindi, da busassun rassa, da masu gogar juna, da masu shiga ciki, har iska ta riƙa ratsa tsakiya. Ka yanka dab da mahaɗa da wuƙa mai kaifi, kada ka bar kututture. Lokacinsa ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, kafin toho ya fito. In ka yi aski bayan ta toho, furen bana ka zubar. Idan kuma furen farko ya bushe ka tsinke kawunan kafin su ɗaura 'ya'ya, sau da yawa takan sake yin wani.

Tambaya daga wata matashiya a Birnin Kudu: Ganyen tawa ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya, yana danƙo, tururuwa na hawa. Kuma ina son in ƙara wasu ba tare da na saya ba.

'Yar'uwa, juya ganyen ki duba bayansa, za ki ga darɓa, wato wasu ƙananan ƙwari. Ita ke tsotsar ruwan ganye tana fitar da zaƙi, baƙin kuma fumfuna ce da ta tsiro a kan zaƙin. Ki daka 'ya'yan darbejiya giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa bayan ganye da yamma, mako-mako har sau uku. Darɓa na tafiya baƙin zai wanke da kansa. Idan farin gari kika gani a sabon ganye, wannan wata fumfuna ce ta inuwa da cunkoso, sai a rage rassa.

Ƙari kuwa da reshe ake yi. Da damina ki yanki mai kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. Ki cire ganyen ƙasa, ki soka rabinsa a leda mai yashi da ɗan taki, ki ajiye a inuwa da danshi. Cikin mako 4 zuwa 6 yakan yi saiwa, amma ba duka ke kamawa ba, don haka ki dasa goma. Wajen mayarwa ƙasa, ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu, zurfinsa daidai da ita, a bar mita 3 tsakanin kowace biyu.