Amsa: Shin Willard Hurst ya cancanci wahalar karantawa?

Wa alaikumussalam ƙanina. Ka ce malaminku na tarihin dokokin Amurka ya ɗora muku karanta James Willard Hurst, ka buɗe littafin ka tarar duk maganar katako ce da sare daji, shi ne kake tambaya ko wannan da ake kira uban fannin yana da tasiri na gaske ko dai zuzuta shi kawai ake yi. Na daɗe ina koyar da wannan kwas, kuma da wuya shekara ta wuce ban ji wannan ƙorafin ba.

Kafin Hurst, in aka ce tarihin doka a Amurka to Kotun Ƙoli ake nufi, John Marshall ya ce kaza a 1803, Taney ya ce kaza a shari'ar Dred Scott a 1857, a yi ta jero manyan alƙalai kamar ana karanta jerin sarakuna. Shi kuwa Hurst ya yi karatu a Harvard, ya yi wa Alƙali Brandeis aiki a Kotun Ƙolin ita kanta, ba wai bai san wurin ba ne, amma sai ya tattara ya tafi jami'ar Wiskonsin a 1937 ya share wuri ya zauna, ya ce in kana son ganin doka tana aiki ka leƙa majalisar jiha da ƙananan kotuna da takardun filaye da na kwangila da haraji.

Littafin katakon da ya gundure ka, Law and Economic Growth na 1964, abin da yake nunawa ke nan daga 1836 zuwa 1915. Gwamnati na sayar da fili da arha, dala ɗaya da kwata kowace eka, majalisa na ba kamfanoni izinin datse koguna su turo gungume ta ruwa zuwa injin yanka, ana yi wa lebura doka ya riƙe gungumen har a biya shi haƙƙinsa. Kuɗi sun yi ƙaranci, daji kuwa ga shi nan birjik, sai doka ta taya mutane mayar da daji kuɗi cikin gaggawa, ba wanda ya tsaya tunanin gobe, kafin a ankara an aske dajin arewacin jihar tas. Ba Kotun Ƙoli ce ta yanke wannan ba fa, ƙananan dokoki ne birjik da ba wanda ya damu da su.

Tasirinsa kuwa ka duba waɗanda suka biyo baya. Lawrence Friedman ya koyar a Wiskonsin kafin ya koma Stanford, kuma A History of American Law da ya fitar a 1973 a kan turbar Hurst yake tafiya. Morton Horwitz a littafinsa na 1977 ya ɗauki tambayar Hurst ɗin amma ya ba da amsa mai zafi, ya ce alƙalai sun lanƙwasa doka ne don 'yan kasuwa, mai injin niƙa ya datse ruwa ya cinye gonar maƙwabcinsa, asarar ta faɗa kan manomi. Ka ga ko mai sukarsa ma a filinsa yake wasa. Har yau ƙungiyar Law and Society na ba da lambar yabo da sunan Hurst.

Amma kar ka haɗiye shi gaba ɗaya. Ƙaramin littafinsa na 1956, Law and the Conditions of Freedom, ya fara da wasu baƙi da suka mamaye fili a kogin Pike na Wiskonsin a 1836 tun gwamnati ba ta sa shi a kasuwa ba, suka rubuta wa kansu tsarin mulki, suka naɗa masu rajistar filaye da masu sasanta rikici, Hurst ya ce ga doka nan tana buɗe wa mutane hanya su yi aiki. Labari mai daɗi kam. To filin na waye? Ƙasar 'yan Potawatomi ce, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, da aka karɓa a yarjejeniyar Shikago ta 1833. Su da bayi da mata kusan ba ka jin ɗuriyarsu a rubutunsa, kuma nan ne ni ma nake rabuwa da shi, don ƙasar da ta yi yaƙin basasa a kan bauta ba za a fahimci dokarta daga Wiskonsin kaɗai ba.

Shawarata, ajiye na katakon tukuna, Turancinsa nauyi gare shi wallahi ko mu malamai sai mun maimaita jimla. Fara da na 1956 ɗin tunda laccoci ne kuma gajere ne, sai ka ɗauki babin Horwitz a kan dukiya da ruwa ka haɗa su, daga nan ka koma na katakon ka zaɓi ɓangaren koguna kawai. In za ka yi rubutun semina, tambayi malaminku ko zai yarda ka kwatanta su biyun a kan maganar datse ruwa.